Layin Kwarin Aduwa

Mayahi, 9 ga Maris 2010

Zuwa ga Hindu, jikar yayana Rabi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya a Tuluz, ke da sanyinku da ba ya ƙarewa. Ni dai ga ni. Ƙafar hagu ta kumbura tun bayan Sallar Layya, tansiyo, wato hawan jini, yana hawa yana sauka yadda ya ga dama. Kunne kuwa kin san shi, shi ya sa na ce ki bar kiran talho. Ƙara nake ji, ba magana ba. Ba don Zara'u maƙwabciyata da ke kawo mini fura da rana, tuwo da marece ba, da tuni an tarar da ni a bushe kamar kilishi.

Wata huɗu, amarya, ba layi ɗaya. Da wani mijin ne, da tuni ya ba ki takardarki. Ni na yi haƙuri don na san ba mai kwasar ki in na sake ki.

Labarin gida ba daɗi. Daminar bara ta yanke tun gero bai yi kai ba. Mutanen Attantane sun fara jiƙa anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da sai yunwa ke sa a ci, samari sun watse Najeriya. Sojoji sun karɓi mulki watan jiya, kin ji. Abu ɗaya na yaba musu, yanzu ana faɗin kalmar yunwa a rediyo ba a rage murya.

Na karanta bayanin aikinki sau uku kafin in gane. In na fahimta, a gidan binciken da kike akwai ɗaki cike da odinata, wato kwamfuta, har ɗari huɗu, an haɗa su wuri ɗaya kamar garke suna lissafin iska da ruwan sama. Akwai kuma wani lojisiyel, wato tsarin aiki da aka rubuta wa na'ura, mai kiwon su. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, wadda ta ce lafiya sai ya kunna mata kore a allo, wadda ta yi zafi ko ta gaji ya kunna mata ja. Kin ce makiyayin nan ba na kowa ba ne. Mutane ne daga ƙasashe barkatai suke ƙera shi tare, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani, duk wanda ya ga ɓaraka sai ya aiko da faci, manyan aikin su duba su liƙa. To, gayya ke nan, ba tuwo ba kiɗa. Ban taɓa zaton jikar Rabi'u za ta je har Faransa ta zama mai faci ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne gardamar da kika ce an kayar da ke a cikinta. Kin ce in odinata ta yi shiru ɗungum, ba ta ce lafiya ba, ba ta ce ciwo ba, allon yana barin ta da koren da ta samu a baya. Kin aika faci a ba mai shiru launi na dabam, sai wani mutumin Norwai da ke riƙe da makullin aikin ya ƙi, wai waya takan yi gardama, in ana kunna fitila duk sa'ad da wata ta yi shiru masu gadi za su gaji su daina dubawa.

Mutumin nan bai san abin da yake faɗa ba. Ni na sani.

A yunwar 84 ni komi ne, wato akawu, a wani biro na gwamnati a nan, ina da shekara arba'in da ɗaya, rubutuna ya fi na kowa kyau. Kowane mako, ranar kasuwa, maigari yakan aiko ɗan aike ya faɗa mini halin ƙauyensa: wa ya tashi, wa ya kwanta, me ya rage a rumbu. Ni kuma in cika babbar takarda, ƙauye ɗaya layi ɗaya. Da wannan takarda ake duba inda kamiyo, babbar motar hatsin taimako, zai nufa. Akwai wani ƙauye a arewa, Kwarin Aduwa, gida kamar talatin. Wata rana ɗan aikensu bai zo ba. Layinsu ya zauna fari a tsakiyar takardata, ni kuwa ba na son farin layi. Na rubuta haruffa uku da aka koya mana a lakwal, makarantar boko, R.A.S., rien à signaler, wato ba wani abin faɗa. Mako na gaba bai zo ba, na sake rubutawa. Sau biyar na rubuta. Kamiyo ya bi ta hanyarsu sau biyu bai tsaya ba.

Ɗan aiken ya mutu ne tun makon farko, jakinsa ma haka. Sauran ba mai ƙarfin taka hanya. Da wani mai raƙumi ya ratsa ta can ya kawo labari, sai aka tarar an binne fiye da ashirin, yawanci yara. Ba wanda ya koma ya duba tsofaffin takardu. Ba wanda ya tambaye ni. Har matata Jummai ta koma ga Allah ba ta ji wannan a bakina ba.

Wanda bai amsa ba, ba a rubuta masa lafiya. A tashi mutum ya je ya gani. Ki kai wa mutumin Norwai wannan daga gare ni, ki ce wani tsohon komi ne a Mayahi ya ce.

Ki gaida Laminu mahaifinki in kun yi magana, ki ce masa hanyar Mayahi ba ta rufe ba.

Kakanki,
Ƙadri Mai Nasara

*

Tuluz, 12 ga Afrilu 2010

Angona,

Ina gaishe ka da kyau, ya ƙafa, ya zafi? Ni lafiya lau, sai ɗan mura. Ka bar maganar saki, tsoho, kai da ba ka iya dama wa kanka fura. Ka rage gishiri, na san Zara'u tana ɓoye maka shi kana nemowa.

Kaka, an karɓi facina. Kai ka ci gardamar, ba ni ba.

Na karanta wasiƙarka a cikin bus, sai da na wuce inda zan sauka. Da na isa biro na zauna na fassara labarin da Faransanci da Ingilishi, na aika zauren wasiƙun aikin, inda duk abin da mutum ya rubuta kowa yake gani. Kafin kwana biyu mutum fiye da sittin sun amsa. Wata mata a Barazil ta ce ta yi kuka a gaban odinatarta. Wani a Indiya ya ce kakansa ma komi ne. Mutumin Norwai kuwa, wanda bai taɓa janye magana ba tun da na san shi, layi ɗaya ya rubuto: «Na yi kuskure, a liƙa.» Yanzu duk na'urar da ta yi shiru tana komawa ruwan toka, kuma ba ta barin ruwan toka sai mutum ya je da kansa ya duba ta. Cikin mako ɗaya mun gano guda uku a nan da suka mutu tun Janairu suna nan kore shar.

Akwai wata takarda da ke tafiya tare da lojisiyel ɗin duk inda aka ɗauke shi, wadda ake jera sunayen waɗanda suka sa hannu. Na roƙa aka sa naka: Ƙadri Mai Nasara, Mayahi, Nijar. A wurinmu wannan ita ce girmamawa mafi girma, kuma sata ce a yi aiki da tunanin mutum ba a faɗi sunansa ba. Ba na jin akwai wani ɗan shekara sittin da bakwai a ciki sai kai. Labarin ma an sa shi a cikin bayanin sabon launin, don wanda zai zo nan gaba ya san dalili.

Na ɗan ƙara layi ɗaya, cewa lokacin mulkin soja ne kuma an tilasta maka cika kowane layi, don kada wanda bai san ƙasarmu ba ya yi maka mummunar fahimta. 'Yan ƙungiyar masu wannan aiki da ke Yamai sun ji daɗi ƙwarai, har sun tura wa dukan membobinsu. Sun ce karo na farko ke nan da suka ga sunan Mayahi a irin wannan wuri.

Ga kwafi na buga maka, ka nuna wa abokan hirarka na bakin masallaci.

Amaryarka,
Hindu

*

Mayahi, 10 ga Mayu 2010

Hindu,

Na gaishe ki. Ina da rai. Ƙafa tana nan yadda take.

Wa ya aike ki?

Takardarki ta zo jiya, na karanta ta a tsaye a gidan waya, sai da mai gadin ya kawo mini benci. Na ce ki kai wa mutum ɗaya magana ɗaya, cewa ba a rubuta wa mai shiru lafiya. Layi biyu. Ke kuwa kika ɗauki abin da na ɓoye wa matata shekara ashirin, kika fassara shi harshe biyu, kika shanya a kasuwar duniya, kika rubuta sunana da na ubana da na garina a ƙasa don kada a yi ɓatan kai. Sa'an nan kika bugo mini kwafi in nuna a bakin masallaci. Lakwal ɗin da kika yi, duk ba a koya miki bambancin abin da aka ce ki kai da abin da aka ba ki ajiya ba? Na rubuta miki baƙi a kan fari cewa Jummai ba ta sani ba. Me kika ɗauka nake nufi?

Matar Barazil ta yi kuka. Madalla. Ta share hawayenta ta je ta ci abincinta. Ni a nan nake zaune.

Bari in gaya miki abin da ba ki tambaya ba. Zara'u 'yar Kwarin Aduwa ce. Tana cikin waɗanda aka kwaso a bayan kamiyo a shekarar, da jariri a goye, ta bar 'ya'ya biyu da uwar mijinta binne a ƙasa. Mijin ya tafi neman abinci bai dawo ba. Ta zauna a nan, ta auri maƙwabcina, shi ma ya rasu. Tun ranar da aka ɗauki gawar Jummai, shekara shida ke nan, matar nan ba ta taɓa fashin kwanona ba. Bana da ake auna gero da gwangwanin tumatir, ba ta fasa ba. Ita ce take leƙo ni da safe ta ce, «Mushe, ba ka mutu ba?» in ce, «Sai na ga bayanki.» Ban da ita ba mai buɗe ƙofar nan. Laminu ya yi shekara uku bai zo ba, ke kuma kina kiwon ƙarfe.

Jaririn da ta goyo shi ne Ɗan Malam, wanda ke koyar da lissafi a kwaleji a Tasawa. Duk ranar da ba aji yana sibar, shagon da ake hayar odinata, yana latse-latse. Kin ce 'yan Yamai sun tura wa membobinsu. Ki zauna ki yi tunani.

Kuma wa ya ce ki yi ƙarya don ki wanke ni? Ba wanda ya tilasta mini. Wannan ma za mu zo kansa.

Ki goge. Sunan, da labarin, da garin, duka. Ki je wurin mutumin Norwai ɗin, tunda shi ke da makulli, ki ce tsohon ya janye. Ku riƙe ruwan tokarku, ban hana ku ba. Ina so takardarki ta gaba ta ce mini an goge, ba na son wani bayani.

Ƙadri

*

Tuluz, 8 ga Yuni 2010

Kaka,

Ina gaisuwa. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Wasiƙarka ta yi kwana ashirin da uku a hanya, da ta zo da wuri da wataƙila wani abu ya canza.

Na yi kuskure, kuma na kwana biyu ba na iya cin abinci. Amma ba zan ɗauki laifin duka ba. Ka rubuta shafi biyu, a ƙarshe ka ce in kai wannan daga gare ka, har ka gaya mini yadda zan ambace ka. Na ɗauka ka gaji da riƙe shi ne. Na ɗauka abin da ya sa ka faɗa ke nan, don ya yi wa wani amfani. Shekara nawa ina zuwa gidanka ina cin tuwon Zara'u, ka taɓa ce mini ga inda ta fito? Kai ka san komai ka yi shiru, ni da ban san komai ba ni ce mai shanya.

Ba ya gogewa, Kaka. Zan faɗa maka gaskiya ko da ka ce ba ka son bayani. Makullin mutumin Norwai na liƙa sabon abu ne, ba na cire tsoho ba. Duk wanda ya ɗauki lojisiyel ɗin yana ɗaukar tarihinsa gaba ɗaya, kowane faci da kowace kalma tun ranar farko. Yana cikin dubban na'urori yanzu, a ƙasashen da ni ma ban sani ba. Wasiƙun zauren kuma suna cikin akwatin kowane memba. Da gangan aka gina shi haka, don kada wani mai ƙarfi ya zo wata rana ya ce abin da aka yi ba a yi ba. Na roƙe su. Sun yi kwana huɗu suna gardama a kaina, wasu sun zage ni, kuma sun yi daidai. Abin da za su iya shi ne cire sunanka daga fitowar lojisiyel ɗin ta gaba. Na baya yana nan.

Ga abin da ya fi muni. Ɗan Malam ya gani. Yana cikin ƙungiyar Yamai tun bara. Ya rubuto mini ni kaɗai, ba a zaure ba. Da farko tambaya ya yi: «Wane Kwarin Aduwa? Wane Ƙadri?» Ban iya yi masa ƙarya ba. Bayan kwana uku ya sake rubutowa. Ga maganarsa yadda take:

«Tun ina yaro nake shiga gidansa. Shi ya koya mini raba lamba a kan tabarmarsa. Ranar 3 ga Yuli nake zuwa gida hutun bakansi. In na tarar bai faɗa wa innata da bakinsa ba, ni zan karanta mata, in fassara mata kalma kalma.»

Na roƙe shi ya ƙara maka lokaci, bai amsa ba. Na kira lambar Zara'u don a ba ka, sai na tuna ita za ta tsaya tana maimaita maka abin da nake faɗa da ƙarfi, na kashe.

Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka amsa.

Hindu

*

Tuluz, 2 ga Agusta 2010

Kaka,

Ina gaisuwa. Wata biyu ke nan. Ban san ko wasiƙata ta riga Ɗan Malam isowa ba. Na rubuta masa sau uku, shiru. Na kira Zara'u ranar Juma'a, da ta ji sunana ta kashe. Baba ya ce ruwa ya ɓata hanya, sai bayan azumi zai iya zuwa, na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi ba.

In horo kake yi mini, ya isa. Ko layi ɗaya ne, ko zagi ne, ka ba wani ya jefa a gidan waya.

Hindu

*

Mayahi, 29 ga Agusta 2010

Hindu,

Na gaishe ki, ya azumi a ƙasar da rana ba ta son faɗuwa? Ni likita ya hana ni yi bana. Na yi kwana goma sha ɗaya a kwance da zazzaɓi, na rame, wandona sai da na ƙara masa ƙulli. Ruwa yana sauka sosai, gero ya yi kyau a ido, sai dai mutane ba su da ƙarfin noma shi. Takardunki biyu suna hannuna. Ba horo nake yi miki ba. Ba ni da abin faɗa ne sai yanzu.

Ta Yuni ta iso ranar ɗaya ga Yuli. Kwana biyu kika bar mini, ke da gidan waya.

Washegari da azahar Zara'u ta shigo da fura, ta ajiye, ta ce, «Mushe, yau fuskarka kamar an aiko ka karɓar haraji.» Na ce ta zauna. Ta ce tana da wanki. Na ce ta zauna dai. Ta zauna a bakin ƙofa, na faɗa mata. Ban yi kwana-kwana ba. Na faɗi takardar, da layin, da haruffan, da kamiyon da ya wuce.

Sa'an nan ta ce, «Mako nawa?»

Na ce, «Biyar.»

«Da hannunka?»

«Da hannuna.»

«Wa ya sa ka?»

A nan ne ƙaryarki ta zo mini har bakin harshe. Ga ta a shirye, an buga ta da Faransanci da Ingilishi, ɗanta ma ya karanta ta. Da na ce kwamanda ne, da ta ce Allah ya isa tsakaninta da soja, ta tashi ta je wankinta. Na ce, «Ba kowa. Ba na son farin layi a takardata, shi ke nan. Kuma Kwarin Aduwa da nisa, ga rana.»

Ta ɗaga yatsu tana lissafi, ba da ni take ba. Ta ce, «Mun ji ƙarar mota. Sau biyu. Habsatu ta ce, Inna, ga mota. A mako na uku Habsatu tana tafiya da ƙafarta.»

Ta tashi. Furar tana nan inda ta ajiye, ba ta ɗauka ba, ba ta zubar ba. Ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni.

Ɗan Malam ya zo washegari, ya tsaya a zaure bai cire takalmi ba. Ya ce, «An ce ka faɗa.» Na ce na faɗa. Ya ce, «A takarda an ce tilasta maka aka yi. Inna ta ce ka ce ba haka ba.» Na ce innarsa ta fi takarda gaskiya. Ya ce, «To ko a nan ma sai da aka gyara maka layi.» Ya fita. Wannan kuma ke kika jawo mini shi.

Kwana arba'in da shida ba ta leƙo ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin dakanta, wannan kam kunnen yana ji. Na koyi dama gari da ruwa. Ladan yakan turo mini abin da ya samu in ya tuna. Unguwa ta sani, don ba a ɓoye kwanon da ya daina tafiya. Wasu sun rage gaisuwa, wasu sun ƙara ta fiye da kima, waɗannan sun fi ciwo.

Ranar Laraba ta makon jiya, da hantsi, sai ga ta. Ba kwano. Ta tsaya ta ce, «Ina alƙalaminka?» Na nuna. Ta ce, «Ɗauko. An ce rubutunka ya fi na kowa kyau.»

Ashe kwanakin nan ba zaune take ba. Ta je Attantane, ta je Urafan a bayan amalanke, cikin ruwan nan, tana neman tsofaffin Kwarin Aduwa da suka watsu. Ta zauna ta fara jero mini sunaye, ina rubutawa. Habsatu 'yar Haruna, shekara huɗu. Maman Sani ƙanenta. A'i mai saƙar faifai. Biba da jaririnta da ba a raɗa wa suna ba. Ɗan aiken ma ashe yana da suna, Abdu Gajere, ni da na yi shekara biyu ina karɓar saƙo a bakinsa ban taɓa tambaya ba. In harafi ya karkace sai ta ce, «Gyara. Ba a gane wannan.» Ita da ba ta karatu. Mun samu ashirin da uku.

Ta ce, «Ɗana ya ce abin da aka sa a wurin nan ba ya gogewa har abada, ko soja bai iya cire shi.» Na ce haka kika ce. Ta ce, «To naka sunan yana can ana yi maka tafi, nasu suna cikin rairayi. Ka aika wa yarinyar ta sa su.»

Saboda haka ga aikinki, kuma wannan karon zan faɗa dalla-dalla tunda ke ba a yi miki ishara. Kada a cire sunana. Ki cire ƙaryar da kika ƙara, in ba ta ciruwa ki rubuta a ƙarƙashinta cewa ƙarya ce, ke kika ƙara, ba wanda ya tilasta wa komin. Sa'an nan ki sa sunayen da ke cikin takardar da na haɗo, duka, yadda na rubuta su, kada ki fassara ko ɗaya, kada ki gyara. In mutanenki sun ce lojisiyel ba wurin sunayen matattu ba ne, ki gaya musu ba ni na fara kai Kwarin Aduwa can ba. Ku da kuka yi kwana huɗu kuna gardama a kan mai rai, ku yi takwas a kan waɗannan. In an sa, ki bugo kwafi biyu, ɗaya nawa, ɗaya ki aika wa Ɗan Malam a Tasawa ya karanta mata, don ba za ta yarda da karatuna ba.

Ban huce da ke ba. Kada ki rubuto mini cewa abin ya zama alheri, ba ke ke dama gari da ruwa ba.

Da ta miƙe za ta fita, na kasa riƙe bakina, na ce, «Gobe fa?» Ta tsaya a ƙofa ba ta juyo ba. Ta ce, «Akwai yara uku na gidan maigari da ban tuna sunansu ba. In na tuna zan zo.»

Ki bar wuri a ƙasan takardar.

Kakanki,
Ƙadri Mai Nasara